Tabarmar Baba a Zauren Maƙwabci

Murfin kwanon silba ne ya faɗi a ƙofar madafi, ya yi ta juyi a kan siminti yana ƙara kafin ya kwanta. Ina ɗaki ina ninke wanki. Na fito da niyyar faɗa, sai na ga ɗiyata ta biyu a tsaye, markaɗen wake ya wanke mata gaban hijabi, takalmi ƙafa ɗaya. Da ƙyar ta iya cewa tirela ce. Ta tsallako babban titi daga wurin mai inji, motar ta wuce ta gab da gab har iskarta ta kayar da ita.

A unguwarmu nan Boɗinga, gefen da muke babu injin markaɗe ko ɗaya. Duk mai son ƙosai ko kunu ko miyar tattasai sai ta ɗora wa yarinya kwano ta tura ta ƙetaren titin da manyan motoci ke bi zuwa Shagari da gaba. Ran nan, ina wanke wa yarinyar nan fuska ina karanta mata addu'a, na ƙudura a raina cewa in Allah ya yarda sai na kafa inji a shagon ƙofar gidanmu. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, tunda mutumin da ake jin maganarsa a kan lasisin inji a garin nan ni nake dafa masa tuwo. Surukina ne, mahaifin maigidana, wanda duk muke kira Baba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu a ƙarshen daminar nan bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki, takardata ta neman izinin inji tana nan ba a yanke mata hukunci ba. Na zauna rubuta wannan ne don kada jikokinsa su girma su ɗauka wani tsoho ne kawai mai sanda da rediyo.

Ban taɓa ganin gidan makoki irin namu ba. An yi kuka, wallahi an yi, ni kaina sai da idona ya kumbura. Amma kafin sadakar uku ƙofar gidan ta koma kamar dandali. Katangarmu gajeriya ce, muna ciki muna rabon abinci muna jin duk abin da maza ke cewa. Kowa ya zo da labarinsa, kowa yana so a ji nasa. Wani mai shayi na bakin tasha ya rantse cewa sau uku Baba ya sa shi matsar da teburinsa, don tururin butarsa yana shiga shagon mai ɗinki. Wani mahauci ya katse shi: "Kai naka mai sauƙi na! Ni zamnawa yay yi gun rumhwata har azahar, wai sai ya ga inda ruwan wanke nama ka gangarawa." Aka kwashe da dariya, sai wani ya tuna gidan rasuwa ne ya ce Allah shi jiƙan shi, duk aka amsa da amin, aka kuma koma wani labarin.

Wanda ya fi ba ni mamaki wani ƙaton mutum ne daga Shagari, mai injin casar shinkafa. Shi kam ya nemi iso ya tsaya a bakin ƙofar Inna, uwar maigidana, don ya yi mata gaisuwa da bakinsa. Inna ta gane shi tun daga muryar. Shekarun baya ya so buɗe reshe a nan garin, Baba ya hana shi wurin da ya zaɓa, ya zo har ƙofar gidan nan ya yi ta ɗaga murya.

"Hajiya, kin tuna ni?"

"Wa ka mance ka? Kai ne kac ce sai ka kai shi gun gwamna."

"Ni na, Hajiya." Ya share ido da bakin rawani. "Wurin da yac ce in koma, can na yi arziki. Ban taɓa zowa nic ce mai na gode ba, kunya tah hana ni."

Inna ta ce masa ya je, Baba bai riƙe shi ba ko na wuni ɗaya, har ma yakan kwaikwayi yadda ya yi ta buga ƙafa. Mutumin ya fita yana dariya yana hawaye.

Ga wanda bai san shi ba, bari in faɗi aikinsa. Baba ya yi shekaru a sakatariyar ƙaramar hukuma, a sashen da ke ba da izinin kafa sana'a: rumfar kasuwa, teburin shayi, shagon walda, injin niƙa. Da ya yi ritaya aka roƙe shi ya ci gaba da zama a kwamitin da ke duba irin waɗannan buƙatu, a matsayin dattijon gari. Aiki ne da ba wanda ke yi wa waƙa. Amma Baba yana shiga shi da zumuɗi kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ranar zaman kwamiti tun da asuba ake goge masa farar riga, yana ta zagaya tsakar gida yana ba mu labarin wanda ke son buɗe wurin cajin waya kusa da mai sayar da fetur a kwalba, da yadda zai raba su.

Abin da aka san shi da shi kuwa tabarma ce. Wata 'yar tabarmar kaba da yake ɗaurewa a bayan babur. In aka nemi izinin kafa inji, ba ya zuwa wurin mai injin. Gidan maƙwabci yake sallama, ya shimfiɗa tabarmarsa a jikin bangon da ya fi kusa, ya aika a ce a tayar da injin. Sai ya zauna. Yakan sa a kawo masa ruwa a kofi, ba don ya sha ba, ya ajiye a gindin bango yana kallon ko ruwan zai yi rawa. In akwai jariri a gidan ya tambayi lokacin barcinsa. In akwai mara lafiya ya tambayi wane ɗaki yake. In makarantar allo ce ya sa ƙaramin cikin ɗaliban ya yi karatu, shi kuma ya koma can ƙarshe ya ji ko harafi zai ɓace masa. Har Sifawa ya je da tabarmar nan, har ƙauyukan da babur ke kafewa a yashi. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai duba takarda kawai ba kamar kowa.

"Takarda ba ta ji, ɗiyata," in ji shi. "Mai inji da yamma ya kulle ya tahi gida. Maƙwabci shi ka kwana da abin."

Yana da wata maganar da yaran gidan nan suka haddace. In ya ƙi abu ba ya cewa a'a. Sai ya ce, "Ba nan ba." In ka roƙi alewa kafin cin abinci, "Ba yanzu ba." Maigidana ya ce tun suna yara ba su taɓa jin ya rufe magana ruf ba, kullum sai ya bar maka wata ƙofa, ko da kuwa ƙofar tana can bayan gari.

To, na kwashi adashena, maigida ya cika, aka sayo inji daga Sakkwato. Ranar da aka sauke shi matan unguwa suka yi ta leƙowa, har da masu guɗa. Na cike takardar neman izini da hannuna, na kai wa Baba a kan faranti tare da furarsa, ina murmushi. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya gyara mini wani wuri, ya miƙo mini.

"Ki ba mijinki shi kai ohis. In anka zo kanta, ni hita za ni yi."

Ban gane ba. Ya ce ba zai zauna a kan takardar gidansa ba, kuma ba zai je sauraro ba. Sauran 'yan kwamiti su za su zo, in layi ya zo kanta.

"Kunnena ya ci tuwon gidanga," ya ce. "Ko injinki na tsaga bango, daɗi za ni ji."

Ni dai na ɗauki takardata na koma ɗaki. Inna ce ba ta yarda ba. Ban taɓa jin sun yi sa-in-sa a gabanmu ba sai ranar. Ta fito tsakar gida da carbi a hannu.

"Alhaji, jikarka ta kusa mutuwa bisa titi!"

"Na sani."

"Ka sa ma baƙi hannu, ka sa ma waɗanda ba su ko gaishe ka, ɗiyar da ka wanke maka riga ita za ka tura layi?"

"Ita ɗin."

"To wallahi daga yau ka nemi mai dama maka hura."

Ta kuwa cika alkawari. Kusan mako guda Baba yana dama furarsa da kansa a zaure, duk gudaji, yana sha yana yaba ta da ƙarfi don Inna ta ji. "Kai, hurar yau ta hi ta kullum!" Inna daga ɗaki ta ce, "Allah shi ƙara maka irinta." Mu muna madafi muna toshe baki. Abin da ya raba faɗan, wata safiya ya ƙware da gudajin fura ya yi ta tari, Inna ta fito da gudu ba ɗankwali, ta ƙwace ludayin tana cewa tsoho zai kashe kansa a kan taurin kai.

Bai sa hannu ba, amma bai zauna ba. Washegarin ranar da na kai masa takarda, da hantsi, ya ɗauki sandarsa ya tsaya a ƙofar gida ya ce duk yarinyar da za ta kai markaɗe ta zo ta bi bayansa. Daga ranar ya zama aikinsa safe da yamma. Sai ka ga tsoho a gaba da farar hula, 'yan mata jere a bayansa kowace da kwano a ka, ya isa bakin titi ya ɗaga sanda sama kamar ɗan sanda. Direbobin tasha suka saba da shi har suna yi masa kirari. Ya tsallakar da su, ya zauna a benci wurin mai inji yana tsokanarsu, yana ce wa wannan amaryarsa, waccan ya sake ta don ba ta iya ƙosai ba, sannan ya dawo da su. Ko ruwa ake yi sai ya fita da lema. Ina jin a irin wannan fitar sanyi ya kama shi, ko da yake kwana ne ya ƙare, Allah ne masani.

Shagon ma bai bar shi yadda muka tsara ba. Mun so a girke injin a bangon gabas, ya ce ba nan ba, don bayan bangon zauren Malam ne, maƙwabcinmu mai koyar da yaran unguwa karatun allo. Ya sa aka mayar da shi tsakiya, aka ɗora gindinsa a kan tsofaffin tayoyi, aka ja bututun hayaƙi aka cusa a rami aka rufe da tulu. Maigidana ya ce, "Baba, ashe kana cikin maganar." Ya ce wannan shawara ce, kuma duk wanda ya tambaye shi kyauta yake ba shi. Har ya kwanta ciwo ba a tayar da injin ba ko sau ɗaya. Ya hana. Ya ce ranar da masu sauraro suka zo, ranar zai fara magana.

Bayan rasuwarsa sai tsoro ya dawo mini sabo. Babu mai tsallakar da yara. Maza suna gona ana yankan gero, mu kuma muna cikin gida. Kullum na ji birki daga titi sai in fara ƙirga yaran unguwa a zuci. Wasu matan suka koma turmi da dutse, wasu suka daina ƙosan sayarwa gaba ɗaya.

Ana haka, bayan sadakar bakwai, sai ga jami'in da ya gaji kujerar Baba a ofis ya zo yi wa Inna gaisuwa ta musamman. Mutumin kirki ne, a hannun Baba ya koyi aiki. Ya durƙusa a bakin ƙofa, Inna tana ciki tana takaba, ni ina gefe da butar shayi. Bayan addu'a ya ce layi ya zo kan takardata. Ya ce tunda marigayi da kansa ya tsara wurin, kuma gida yana cikin juyayi, yana ganin ba sai an wahalar da mu da zuwan kwamiti ba, zai gaya wa sauran a amince kawai.

Har na buɗe baki zan yi godiya, sai na ji muryar Inna daga bayan labule.

"Kun ji injin?"

"A'a, Hajiya, amma ai Baba..."

"Shi ma bai ji shi ba. Ya hana a tashe shi." Sai ga hannunta ya turo wani abu ta ƙarƙashin labule, naɗaɗɗe, ɗaure da igiyar roba. "Ga ta nan. Mako guda na bar mutumin nan yana shan gudaji bisa wagga magana. In kunka sa hannu ba ku zamna ba, ya sha su banza ke nan. Ku tahi ku zamna."

Jami'in ya karɓi tabarmar Baba da hannu biyu. Ni kuwa, Allah ya sani, na rasa ko in yi kuka ko in rungume ta. Domin yanzu abin zai iya faɗuwa. In Malam ya ce injin ya dame shi, shi ke nan, sai a ce mini ba nan ba, ni kuma ba ni da wani wurin sai nan.

Ranar da suka zo, unguwa ta cika tun da hantsi. 'Yan kwamiti uku ne. Suka wuce shagona ko kallonsa ba su yi ba, suka yi sallama a zauren Malam, suka shimfiɗa tabarmar a jikin bango. Aka kawo kofin ruwa. Mata suka hau turame a cikin gidanmu suna leƙe ta katanga, Inna ta matso har bakin ƙofarta, ni ina tsaye a ƙofar shago ta ciki da bokitin jiƙaƙƙen wake. Maigidana ya ja igiya. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja, ya mutu. Wata tsohuwa daga kan turmi ta ce, "Shi ma kunyar kwamiti shika ji!" Aka fashe da dariya har cikin zaure. A ja na uku ya kama, ya ɗauki kiɗa, tulun da ke kan rami ya fara fitar da hayaƙi a hankali. Na yi bisimilla na zuba wake.

Ban ga abin da ya faru a zauren ba, maigida ne ya tsaya tsakanin ƙofofin biyu yana kawo mana rahoto kamar mai gabatar da wasan ƙwallo. "Ruwa bai motsa ba!" Mata suka ce alhamdu lillahi. "An sa ƙaramin karatu!" Muka yi tsit, injin kaɗai ke magana. Can sai ya dawo fuska a ɗaure. Ɗaya daga cikin 'yan kwamiti, wani dattijo, ya ce daga ƙarshen zaure bai ji ƙarshen aya ba. Na jingina da bango ina ta salati.

Sai muka ji muryar Malam, wanda ba ya ɗaga murya ko a kan almajiransa, yau ga ta har tsakar gidanmu: "Allah shi gahwarta maka, dattijo, wanga yaro ko ba inji haka shika haɗiye ƙarshen aya, shekara guda ina hwama da shi! Ku kawo wani." Aka kawo wata yarinya mai murya kamar ƙararrawa. Ta karanta, dattijon ya bi ta harafi da harafi daga inda yake zaune, har ya gyara mata madda ɗaya. Duk da haka bai saki ba. Ya ce a kashe injin, a sake karantawa, ya ji bambanci. Aka yi. Ya ce akwai bambanci, kaɗan ne, amma akwai.

Suka yi shawara a kan tabarmar, mu muna jira kamar masu jiran haihuwa. Sannan jami'in ya zo ƙofar shago ya faɗi hukunci da ƙarfi don na ciki su ji. An ba da izini. Amma ba za a tayar da inji ba sai an tashi karatun safe, a kashe shi idan an kira kowace salla, ranar Juma'a kuma a rufe tun kafin a fara tafiya masallaci. In tayoyin sun lotse a canza su, za su dawo su duba.

Guɗar da aka yi ran nan sai da tantabarun Malam suka tashi. Wata ta sauko daga turmi ta taka rawa da tsintsiya a hannu, aka tuna mata ana takaba a gidan, ta ce ai marigayin da kansa da ya taya ta. Na shiga wurin Inna na durƙusa zan yi mata godiya. Ta dafa kaina ta ce, "Tashi, ba yanzu ba, wakenki na bushewa." Muka kalli juna, don maganarsa ce ta fito daga bakinta, muka yi dariya hawaye na zuba.

Ya Allah, ka jiƙan Baba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci kamar yadda ya tsare wa maƙwabta barcinsu. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka haɗa shi da maƙwabta nagari a gidan gaskiya, ka ba Inna haƙuri, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.

Washegari, ana tashi daga karatun safe na buɗe shago. Kafin in gama share ƙofa kwanuka sun jeru har bakin zauren Malam, duk daga wannan gefen titi. Ta farko a layi wata 'yar mitsitsiya ce daga gidan da ke bayan masallaci, kwanon ya fi kanta girma. Na taimaka mata ta sauke. Ta gyara tsayuwa, ta haɗa hannu a ƙirji yadda ake isar da saƙon manya, ta ce:

"Innata ta ce a markaɗa shi yi laushi, kuma wai Allah shi jiƙan Baba. Ni na riga na ce amin tun ga hanya."